Tabon da Ya Gagari Kawu Mai Fenti

Shekara arba'in Kawu Mai Fenti ya yi yana shafe bangon mutane, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar faci. In ya zo gidanka, ko da dubiya ce ta kawo shi, kafin ya ce yaya jiki sai ya manna kunci a bango, ya kanne ido ɗaya, ya gano inda aka lafta fenti a kan maiƙo. Daga nan sai huɗuba: a wanke da sabulu, a bari ya bushe, a goge, a yi shafen farko, sannan a bi bangon daga kusurwa zuwa kusurwa. Mara lafiya dai sai ya jira.

Da hannunsa ya fara rawa, aiki ya ɗauke. Ba wanda ya ce masa komai, wayar ce kawai ta yi shiru. Ana haka sai ga tabon maiƙo a falonsa, daidai saman doguwar kujera, faɗin tafin hannu, yana ta sheƙi.

Kawu ya yi masa duk abin da yake koya wa jama'a. Mako biyu, tabo ya dawo. Ya zargi fentin, ya zargi jikoki, har ya buga ƙofar maƙwabci yana tambaya ko suya suke yi a jikin bangon ta can. Ya yi ta shafawa har ƙusar agogo ta nutse, baƙi suka fara cewa falon ya matse. Ya rantse in tabon nan ya fi ƙarfinsa, zai kyautar da burusansa, kada kowa ya sake kiransa mai fenti.

Matarsa kuwa tun farko ta san mai laifi. Kullum in ya yi wanka takan mulke masa sanƙo da mai, ya zauna a kujerar ya jingina kai yana yabon aikinsa har gyangyaɗi ya kwashe shi. Ta ja bakinta ta yi gum, don tsoro take ji kada wata safiya ya tashi ba shi da abin shafawa.

'Yarsu ce ta ɓata lamarin, ranar da ta zo ganin gida. Kallo ɗaya ta yi wa bangon.

"Baba, ai kanka ne."

Kawu ya shafa sanƙo, ya dubi tafin hannunsa, ya daɗe yana kallon burusan da ke jiƙe a bokiti.

"Yarinyar nan, me kika sani game da bango?"

Ya koma kujera, ya matsa taƙi ɗaya hagu inda fentin yake fes, ya jingina kai. Sannan ya ce da matarsa, ba tare da ya dube ta ba, ta miƙo man nan, kuma yau ta shafa da yawa.