Randar Gindin Dalbejiya

Shagona na farko a Sheme rumfar kara ce da tebur ɗaya, sai tabarma da randar ruwa a gindin dalbejiya. Mahaifina ne ya kafa randar tun yana sayar da gishiri da kanwa a wurin, ni kuma na gaje ta har da moɗar da ke rataye a reshe. Duk wanda ya iso daga ƙauye sai ya sha ruwa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

Cikin masu zuwa akwai wani dattijo, abokin mahaifina, manomin auduga daga wani ƙauye a hanyar Kankara. Baba nake ce masa. Shi ke ɗauko sautun ƙauyensu duk ranar kasuwa. Matan gidaje da tsofaffin da ba sa iya tafiya, kowa ya faɗa masa abin da yake so, ya riƙe a ka. Idan ya ɗaure jakinsa ya sha ruwa, sai ya zauna ya fara: ashana ta gidan liman, allura da zare na tsohuwar bakin rijiya, kananzir na gidan maƙeri. Kowane sautu daban ake ɗaure shi, kowane kuma sai an yi masa gyara, ko da ɗan gishiri ne a leda. Ciniki ne mai cin lokaci. Mahaifina yakan yi shi yana dariya, ni ma da farko haka nake yi.

Sai shekarun man fetur suka zo. Aka ƙara wa ma'aikata albashi, babura suka cika hanya, wani kamfanin aikin titi ya kafa sansani kusa da gari. Ma'aikatansa ba sa tayawa. Su nuna rediyo ko agogo, ka faɗi kuɗi, su biya su tafi. Ban daɗe ba na rushe rumfa na gina shago na bulo da rufin kwano, na sa kantar jera kaya, na je Funtuwa na sayo firij mai aiki da kananzir na cika shi da lemo.

Daga nan idona ya canza. Idan mutum ya doso shago, ƙafarsa nake fara kallo. Mai takalmi sau-ciki in miƙe tsaye, mai faso in amsa sallamarsa ina duba wani wuri. Na naɗe tabarma, don a ganina tana mai da shago zaure. Randar ma na sa aka kai ta cikin gida. Lissafina shi ne wanda ya sha ruwan randa ba zai sayi lemo ba. Ba wanda ya ba ni wannan shawara, ni na yi ta, har ina jin na waye.

Wata ranar kasuwa da bazara Baba ya iso, rana ta take, gumi ya jiƙe masa riga. Ya ɗaure jaki ya nufi gindin dalbejiya kamar kullum, ya tarar da gurbin randa kawai. Lokacin wani akawun kamfani yana tsaye a gaban kantar shago ina gwada masa rediyo.

Baba ya yi sallama ya ce, "Ɗana, ina randar taka ta yi? Ko ita ma an yi mata ƙarin albashi ta koma birni?"

Akawun ya yi dariya. Ni kuwa dariyar ce ta ƙona ni, na ga kamar an tona asalina a gaban baƙo. Na ce, "Baba, zamani ya wuce randa. Ga lemo nan mai sanyi a firij, in za ka saya."

Baba ya dube ni. Ya ce, "Ruwa na roƙa."

Na ce, "To ka ɗan jira in sallami mutane."

Akawun ya ajiye rediyon ya ce, "Maishago, ji da tsoho mana, ni ba sauri nake ba." Ko shi baƙo ya ji nauyin maganar. Ni na ci gaba da murɗa tasha.

Baba ya juya. Ya kwance jakinsa ya tsallaka titi wurin wani mai ɗan tebur da ke sayar da sabulu da ashana. Ina gani mutumin ya tashi daga kan buzunsa ya ba shi, ya tsiyayo masa ruwa daga tulu. A ranar na ce a raina, cinikin allura ne ya tafi, Allah raka taki gona.

Ban gane abin da ya tafi ba sai a hankali. Mutanen ƙauyensu suka daina tsayawa wurina, har waɗanda ke zuwa da kansu. Da kaka ta yi aka sayar da auduga, suka zo sayen kekuna da fitilu da kwanukan aure, abubuwan da suka cika shagona, amma sai su wuce Funtuwa, ko su ba mai tebur sautu ya sayo musu. Ba wanda ya yi mini faɗa. Su gaishe ni daga bakin titi su wuce. Bayan 'yan shekaru aikin titi ya ƙare, kamfani ya kwashe sansaninsa, na zauna da rediyoyi suna shan ƙura, shi kuma mai tebur ya gina shago.

Na maido da randa, na shimfiɗa tabarma. Awaki suka fi kowa amfana.

Da abin ya ishe ni na hau keke na tafi ƙauyen su Baba, ina ta shirya magana a hanya. Na same shi a zaure yana tufkar igiya, ya tsufa ƙwarai. Kafin in gama gaisuwa ya miƙe da ƙyar ya shiga gida, ya fito da ƙwaryar ruwa da hannunsa, alhali akwai waɗanda zai aika. Ya ce, "Sha tukuna, ka sha hanya." Na sha ina kallon ƙasa. Duk maganar da na shirya ta watse, abin da na iya faɗa kawai shi ne ya yafe mini.

Ya ce, "Na yafe tun a ranar, don mahaifinka." Sai na yi ƙarfin hali na ce ko zai dawo da sautunsa wurina, randa ta koma inda take.

Ya ci gaba da tufka. Ya ce, "Sautu ba nawa ba ne, ɗana, na masu shi ne. Sun tambaye ni dalilin da ɗaurin kaya ya canza, na faɗa musu. Yanzu kuma mutumin nan bai yi mana laifi ba, da wane baki zan bar shi?"

Na miƙe zan tafi. Ya rako ni har bakin danga, ya ce in gaida iyali.

Har ya rasu bai sake sayen ko ashana a wurina ba, amma idan ya zo kasuwa yakan tsallako ya sha moɗa ɗaya a gindin dalbejiya, ya tambayi lafiyar yara, sannan ya koma can ya yi cinikinsa ina kallo.