Bencin Baya na Ɗanlami Tela

Mahaifina, Ɗanlami tela, bai taɓa buɗe baki ya ce shi Musulmi ne ba. Da wannan yake kare kansa duk lokacin da Mama ta taso shi gaba, ni kuwa tun ina ƙarama na san hujjar ba ta da ƙafa.

Daga Garwa ya zo Douala yana saurayi, da Hausa a bakinsa da hula a kansa. A unguwar New Bell wani mai shagon ɗinki, Alhaji Tanko, ya ji sunansa, ya ji Hausarsa, ya ba shi keke da wurin kwana bai tambaye shi komai ba. Da aka kira azahar ranar farko, Alhaji ya miƙo masa buta. Baba ya karɓa. Ya ce a ransa gobe zai faɗa, idan ya ɗan zauna da gindinsa. Goben nan ita ce ta kai shi har furfura.

Sai ya ƙware. In an kira salla ya ce, "Ku je, ina tafe, bari in ƙarasa wuyan rigar nan." In an matsa, ya bi sahu. Ran Lahadi kuma mu fito kamar za mu gaida dangi, mu wuce majami'u biyu a kusa da gida, mu hau benskin, wato acaba, har unguwar Nylon inda ba wanda ya san mu. A unguwa ni Lauratu ce, a majami'a Rahila. Na tsani Lahadi saboda haka, kuma na daɗe ina jin haushin Baba.

A majami'armu akwai benci a can baya na waɗanda aka sa a horo, wato masu laifin da dattawan ikilisiya suka hana cin Jibin Ubangiji sai sun tuba a gaban jama'a. Ba wanda ya taɓa sa Baba a horo. Shi ya kai kansa. Kowace Lahadi yana can tsakanin mashayi da wanda ya yi wa 'yar mutane ciki, kansa a ƙasa, in an zo da gurasa da ƙoƙo ya girgiza kai. Mata suna kallon Mama da tausayi, suna zaton mace ce ya ajiye a waje. Kunyar da na sha a kan bencin nan, Allah kaɗai ya sani.

Fasto ya taɓa tare shi ya ce ceto kyauta ne, ba zunubin da ya fi ƙarfin gafara. Baba ya ce, "Na sani, Fasto. Amma ba a tuba da abin da za a koma wa ran Litinin." Tsoron Allah yana da shi, wannan ban taɓa shakka ba. Tsoron idon Alhaji Tanko ne ya fi ƙarfinsa, mutumin da ya raba masa shago biyu, yake kiransa ƙanena.

Alhaji ya rasu bai ji komai ba. Bayan nan aka yi wa ɗansa Abdurrazak haihuwa. Ma'aikacin ofis ne, a Makèpè yake zaune, amma ya kawo taron suna gidansu na New Bell. Da safe maza suka cika ƙofar gida, mu mata muna leƙe ta zaure. Aka kayar da rago. Abdurrazak ya ɗauki wuƙa, ya wuce kawunnansa, ya durƙusa gaban Baba.

"Baba Ɗanlami, s'il te plaît, don Allah, kai za ka yanka. Sunan Alhaji yaron zai ci, kuma ba ni da wanda ya fi ka kusa da shi."

Baba ya karɓi wuƙar, kamar yadda ya saba karɓar duk abin da aka miƙo masa. Ya sunkuya, ya dafa wuyan ragon, ya daɗe a haka. Daga baya ya ce mini ya ji ba zai iya buɗe wa jariri rayuwa da ƙarya ba. Ya miƙe tsaye.

"Ku yi haƙuri, ku ba wani. Ni Kirista ne. Tun da na zo garin nan Kirista ne."

Ba wanda ya zage shi, da ma an zage shi da ya fi sauƙi. Abdurrazak ya karɓi wuƙar a hankali ya ce, "Alhaji ya sani?"

"Bai sani ba."

"Amma kai ka shiga kabarinsa ka kwantar da shi, Baba. Ni na ce a bar maka. Maƙwabcinmu Kirista ne, Alhaji yana aika masa naman layya kowace shekara. Me ka zaci zai yi maka?"

Baba ya juya zai tafi. Ya nemi takalmansa ya kasa gane su, sai da na fito na nuna masa.

Lahadin da ta biyo ya tashi a gaban ikilisiya ya faɗi komai, Fasto ya ɗora masa hannu, ya ci Jibi, Mama tana ta kuka. Wasu sun daina kawo masa ɗinki, da yawa ba su daina ba. Abdurrazak yana gaishe shi in sun haɗu, gaisuwa mai kyau, ta baƙo.

Rannan na same shi a shago ya tsayar da keke, na ce ai ya kamata ya saki ransa tunda Allah ya gafarta masa.

Ya ce, "Ya gafarta, Rahila, na gaskata. Amma Tanko nake so in roƙa."