Cizon Magana

Har yau in na ji ƙarar maɓallin rikoda, wannan "ƙas" ɗin, sai in kama bakina. Kada ku ce rikicin tsufa ne. Tun ina yarinya na koyi haka a gidanmu na Ƙofar Rini.

Da damina ne, tsakar gida duk ƙamshin jiƙaƙƙen bango da hayaƙin ɗanyen itace. Wani saurayi daga gidan rediyo ya yi sallama rataye da akwatinsa na ɗaukar murya, wai yana tattara hirar tsofaffi a kan zaman maƙwabtaka. Ni dai ban yarda da shi ba. Murmushinsa ya yi yawa, furar da aka dama masa kuwa ko kurɓa bai yi ba. Kakata ta baje a tabarma, ta samu mai saurare.

Maƙwabciyarmu malamar firamare ce, Kirista, daga kudancin Kaduna. A rijiyarmu take ɗiban ruwa, ita ke raka kakata asibiti. Da saurayin ya yi tambaya a kanta, kakata ta ce, "Da sunka zo, wallahi ban so zamansu nan ba. Yanzu ko ɗiyar cikina ba ta hi min ita ba."

Ranar da aka sa shirin, rabin farko na maganar kakata kaɗai ya fito, kiɗa ya biyo baya.

"Ina sauran?" in ji kakata, tana jijjiga rediyon. "Wanga ɗan banza ya cinye min magana!"

Malama ba ta yi faɗa ba. Zuwa rijiya dai ta daina. Kakata ta taka har ɗakinta ta yi ta rantsuwa, ita kuwa ta ce, "Na ji, Inna," da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. Kafin girbi aka mayar da ita aiki Wamakko, ko sallama ba ta shigo yi ba.

Sai da na aurar da 'ya'ya na shiga makarantar manya. A can malaminmu ya rubuta sunan abin a allo: "sound bite", guntun da aka tsakuro daga doguwar magana. Ya ce "bite" ɗin cizo yake nufi, da "i" ake rubuta shi, ba da "y" irin na kwamfuta ba. Kuma ba a kiran guntun rubutu haka, sai na murya. Na ce, "Malam, ashe Turawan sun san cizo ne, suka ci gaba da yi?"

Yanzu kowane yaro ɗan jarida ne. In jikokina suka miƙo min waya, "Hajiya, ɗan faɗi wani abu mana," sai in ce su zauna su ji duka, ko su ba ni wuri.