Mai Share wa Kifi Yashi

A wani shagon maganin feshi a Hunkuyi, Mu'awiyya na tsaye bakin ƙofa riƙe da ganyen masara da tsutsa ta huhhuda. Tun daga Likoro ya taho, amma mai shagon ko kallonsa bai yi ba.

Mutumin ya naɗe hannun farar shaddarsa, ya tsunduma hannu cikin wani akwatin gilashi mai kifaye biyu masu ruwan goro. Da siririn tiyo yake zuƙe gansakukar da ta rufe yashin ƙasan, yana cije leɓe kamar mai cire wa jariri ƙaya. Hannun nan sumul, Mu'awiyya zai iya rantsuwa bai taɓa riƙe fartanya ba. Wataƙila zaman Legas ya yi ya dawo da wannan shirme.

"Ranka ya daɗe, tsutsa na cinye mini masara."

"Tsaya nan daidai, malam, kana tare musu rana. Kifin teku ne, haske ke ƙara musu gansakuka."

Ashe labule aka mayar da shi! Mu'awiyya ya ja tsaki, ya matsa gefe, rana ta faɗo kan gilashin, ya yi gaba abinsa.