Tarkon Malam Dalhatu

Duk wanda ya yi firamare a hannun Malam Dalhatu a Lakwaya ya san tarkonsa. Shekara talatin da ɗaya yana koyar da lissafi, kuma bai taɓa fita daga aji bai tafka kuskure da gangan ba. Sai ya rubuta bakwai sau takwas hamsin da huɗu, ya juyo ya harɗe hannu, ya yi kicin-kicin da fuska. Ba zai motsa ba sai wani ya yi ta maza ya ce, "Malam, ba haka ba ne!" Nan zai washe baki ya miƙa masa alli. Gyara bai taɓa fitowa daga bakinsa ba, wannan aikin 'yan aji ne.

Saura wata huɗu ya yi ritaya aka kira malamai bita a Gwarzo, aka nuna musu wata manhajar haɗa darasi. Ka ɗauki hoton allo, ka naɗi muryarka, ka danna maɓallin gaba, shi ke nan, ba sai ka san kan kwamfuta ba. Malam, mutumin da ko saƙon waya sai ya ɗora tabarau ya yi bisimilla uku, ya ji abin ya kwanta masa. Ko ba komai zai bar wa yara wani abu.

Malama Sa'adiya, abokiyar aikinsa, ta ara masa kwamfutarta, ta nuna masa maɓallai uku. Asabar da Lahadi yakan zauna a aji shi kaɗai, har ya haɗa darasi goma sha biyu na masu shirin jarrabawar shiga sakandare. To, hali zanen dutse. Kowane darasi sai da ya ɗana tarkonsa, ya yi shirun nan nasa, sannan ya danna gaba. Bawan Allah ko kusa bai kawo a ransa cewa babu mai tanka masa ba.

Darussa suka karɓu. Sa'adiya ta tura wa wata ƙawarta a Kara, daga nan waya ta ba waya.

Ran nan sai ga Musbahu, tsohon ɗalibinsa da ke koyarwa a Kabo, a kan babur. Bayan an gaisa ya sunkuyar da kai.

"Malam, na yi wa 'yan ajina gwaji. Su arba'in da biyu, talatin sun rubuta hamsin da huɗu. Na ce ba haka ba ne, suka ce ai malamin waya ne ya faɗa."

Malam ya miƙe zumbur. Ya garzaya wajen Sa'adiya.

"Malama, don Allah a janyo su."

"Gyarawa ba ta fi minti biyar ba, Malam. Amma wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane, hannuna ba zai kai can ba."

Suka gyara, suka tura sabo. Wasu suka ce ai suna da shi, wasu suka ce wayarsu ta cika. Jarrabawa saura mako uku. Malam ya hau kekensa ya bi ƙauyukan Jama'a da Kara makaranta-makaranta yana ba da haƙuri, kuma duk inda ya je sai a ambata masa wani ƙauyen da darasin ya kai, har da waɗanda bai taɓa jin sunansu ba. Kunya da tausayin yaran suka hana shi cin abincin kirki.

Ana gobe jarrabawa, bayan an tashi, ya koma ajinsa ya buɗe tsohon darasin. Muryarsa ta fito tar, ta ce hamsin da huɗu, ta yi shiru. Ya dubi bencina, babu kowa.

"Malam," ya ce a hankali, idonsa ya cicciko, "ba haka ba ne."

Muryar ta wuce darasi na gaba.