Sunan Mai Rediyon Gidan Sori

"Kaka, sunansa fa?" na sake tambaya.

Mushe, malaminmu na lakol, wato makarantar boko, shi ne ya aike mu mu tattaro tarihin Gobirawan Gidan Sori da fitattunsu. Wata tsohuwa ke ba ni labarin wanda ya fara kawo rediyo garin, a ƙofarsa aka ji samun 'yancin kai. Ta yabe shi, amma ta ƙi kama sunansa. Ni kuwa na nace.

Sai ta ja mayafi ta rufe baki.

Wata ƙawarta da ke zaune a gefe ta ce, "Ke 'yar lakol, mijinta ne fa! Yana raye ba ta faɗa ba, sai yau don ke?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Mai Rediyo" na rubuta, ko mushe zai rage mani maki. Da ku ne, ya za ku yi?