Gurbi Ɗaya Zuwa Ingila

Gurbi ɗaya tak aka ba ofishinmu na safiyo a Kaduna, na zuwa Ingila ƙaro ilimi, 'yan shekaru kafin mulkin kai. Mu biyu muka nema, ni da aminina da muke hayar ɗaki ɗaya a Kurmin Mashi. Shi aka ɗauka. Shi da kullum ni nake gyara masa zanen taswira! Wallahi har abinci ya daina yi mini daɗi, ga fargabar kada ya gane abin da ke raina, amincin shekara goma ya watse.

Shugaban sashenmu wani dattijo ne mutumin ƙasar Silon, mabiyin addinin Buddha, ba ya ɗaga murya ko gini zai faɗo. Na ƙullace shi, don shi ya sa hannu a takardar zaɓen. Da ya ga kwana uku ina karya bakin fensir, ya kira ni.

"Malam, hassada ce," in ji shi, kamar mai faɗin tsawon fili. "Kada ka musa, auna ta. A ina take zaune a jikinka?"

Na ce a'uzubillahi, ni Musulmi ne, na san hukuncinta tun ina makarantar allo. Ya ce ai ba hukunci ya tambaye ni ba. A maƙogwaro kuwa take, ta tokare ni kamar ƙayar kifi.

Ya gaya mini yadda suke yi a ƙasarsu. Ka zauna shiru, ka kawo mutum uku a zuciyarka ɗaya bayan ɗaya, ka taya kowanne murnar abin da ya samu: wanda ka fi so, wanda bai dame ka ba, sannan wanda ka tsana. Ya ce da 'yan siyasarmu masu jifan juna za su gwada, da an huta.

Na raina abin, amma bayan la'asar na zauna a tabarma na gwada. Na tsakiyar ba wuya, mai gyaran kekenmu ne, Allah ya ƙara masa kasuwa. Na nemi wanda na fi so, fuskar aminina ta zo. Na tsallaka wurin wanda na tsana, ita ɗin ce dai. Kai! Na miƙe na kakkaɓe wando, ban ƙara gwadawa ba.

Ranar tafiya na shirya in ce zazzaɓi nake yi, in ƙi rakiya. Sai kawai ya ɗora akwatinsa a kan kekena, ko tambaya babu, kamar yadda ya saba. Haka na tura har tasha, raina yana tafasa. Jirgin ƙasa na shirin tashi ya kama hannuna, idonsa ya kawo ruwa.

"Ɗan'uwa, duk 'yan ofis murnar fatar baki suke yi mini. Kai kaɗai na san taka har zuci ce."

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Shekara uku yana aiko mini da wasiƙa, kowacce da wannan maganar a ciki, ita kam ban taɓa gyara masa ba.